Firinta

firinta, suna, mace, jam'i firintoci. An aro daga Turanci.

1. Na'urar da ke fitar da abin da aka rubuta a kwamfuta a kan takarda, da tawadar ruwa ko da garin tona. Ba ita ce injin ɗab'i ba, irin na kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945. Misali: Tona ta ƙare a firinta, rubutun ya yi dishi-dishi.

2. firintar haɗaka: wadda kwamfutoci da yawa ke aika wa aiki ta waya ko ta Wi-Fi, kamar a shagunan buga takardu na Tudun Wadan Zariya, inda ɗaliban jami'a na unguwar Kongo ke cincirindo lokacin miƙa kundin bincike. Ana jona ta da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin, a duba lambar adireshinta ta IP a ɗan allon da ke jikinta, a sa wa kwamfuta manhajar direba, sannan a shigar da lambar.

Idan firintar ta yi gum bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, galibi ba lalacewa ta yi ba: rauta ce ta ba ta sabon adireshi, kwamfuta kuma tana nemanta a tsohon. Abin takaici ne a kinkime ta zuwa wurin mai gyara a kan wannan. A kafe mata adireshi ɗaya, a share ayyukan da suka maƙale a layi, a sake turawa. Cin takarda kuwa ya fi yawa da damina, lokacin da laima ke manne takardu. Misali: Malam, firintar ba ta ganin kwamfutata.