Rotary: Ƙungiyar da Ta Girma a Kan Teburin Abincin Rana

Ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, a ɗakin taron wani otel, shugaba ya buga ƙararrawa. A gabatar da baƙi, a kawo abinci, a yi sanarwa. Kafin a kwashe faranti sai a miƙa wa wani mutum lasifika, mutumin da sau da yawa ba ɗan ƙungiyar ba ne: likitan yara, ko injiniyan hukumar ruwa, ko alƙali, ko shugabar makarantar makafi. A ba shi kamar minti ashirin ya faɗi abin da ya sani, a yi masa tambayoyi, a sake buga ƙararrawa, kowa ya koma bakin aikinsa. Dubban kulob na Rotary sun shafe fiye da shekara ɗari suna maimaita wannan tsari mako bayan mako, kuma duk wanda yake son ya gane yadda ƙungiyar ta kai inda ta kai, daga wannan teburin ya kamata ya fara.

Ba da abincin rana aka fara ba, ba kuma da baƙo ba. A yammacin Alhamis, 23 ga Fabrairu 1905, mutum huɗu suka haɗu a ɗaki mai lamba 711 na ginin Unity a birnin Shikago na Amurka. Ofishin na Gustave Loehr ne, injiniyan ma'adinai. Sauran su ne Silvester Schiele dillalin kwal, da Hiram Shorey tela, da wanda ya kira zaman, lauya Paul Harris. Harris ya tashi ne a ƙaramin garin Wallingford na jihar Vermont, inda mai shago ya san sunan duk wanda ya shigo masa, kuma kaɗaicin babban birni ya dame shi. Abin da yake nema shi ne abokai da zai amince da su, waɗanda kuma za su iya zama abokan ciniki. Suka shirya yin zaman bi da bi a ofisoshin juna, daga nan sunan ƙungiyar ya fito, Rotary, wato mai zagayawa.

Dokar da ta fi kowace tasiri ita ce ta sana'a: mutum ɗaya daga kowane fanni. Lauya ɗaya, tela ɗaya, mai maɗaba'a ɗaya. Dalilin farko na kasuwa ne tsantsa, don kada kishiyoyin sana'a su haɗu a ɗaki guda, kuma don 'yan ƙungiya su riƙa sayen kayan juna. Amma dokar ta haifar da wani abu da ya wuce lissafin riba. Ɗakin da babu mutum biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaki ne da kowa yake jahili a fannin maƙwabcinsa. Sai ya zama al'ada ɗan ƙungiya ya tashi ya bayyana wa sauran yadda sana'arsa take gudana, abin da ake yi da abin da ake ɓoyewa. Har yau sabon shiga a kulob da yawa yakan gabatar da irin wannan jawabi.

A 1907 kulob ɗin Shikago ya shiga aikinsa na farko na jama'a, ya haɗa kan ƙungiyoyin gari aka gina ban-ɗaki na jama'a a tsakiyar birnin. Ba aiki ne mai ƙayatarwa ba, amma shi ya nuna cewa taron 'yan kasuwa zai iya duban abin da ke waje da aljihunsa.

Kulob na biyu ya buɗe a San Francisco a 1908. Na uku kuwa, na Oakland a Kalifoniya, wanda aka kafa a 1909, shi ne ya kawo al'adar haɗuwa kowane mako a lokacin abincin rana, sauran suka bi sahu. Ga alama ƙaramin gyara ne, amma ya sauya komai. Zaman dare yana cin lokacin iyali, yana kuma iya jan jiki har mutane su gaji. Abincin rana kuwa dole ne kowa ya ci, kuma dole ne kowa ya koma ofis, don haka taro ya samu farko da ƙarshe. Aka ɗaure shi da dokar halarta mai tsauri: wanda ya rasa zaman kulob ɗinsa sai ya rama a wani kulob, ko da a wani gari ne, wanda kuwa ya yi ta fashi a jere ba uzuri yana iya rasa kujerarsa.

Sai dai taro na kowane mako yana da ciki, dole a ciyar da shi. Makonni hamsin da biyu a shekara, shekara bayan shekara, sun fi ƙarfin labarin sana'o'in 'yan ƙungiya, ko da sun kai ɗari. Shi ya sa kusan kowane kulob ya samu kwamiti ko mutum guda da aikinsa shi ne farautar mai jawabi. Wannan aiki ba a cika yaba masa ba, alhali shi ne yake yanke abin da masu kuɗi da masu faɗa a ji na gari za su saurara a wannan makon. Jami'in lafiya da ba zai taɓa samun ganawa da shugaban banki ba, sai ga shi a gabansa, da shi da mai jarida da ɗan kwangila, duk suna zaune ba inda za su har a buga ƙararrawa. Galibi ba a biyan mai jawabi. Abinci ne da tafi, wani lokaci da ƙaramar kyauta. Ƙa'idar ƙungiyar ta yarda a tattauna al'amuran jama'a, amma ta hana kulob goyon bayan ɗan takara.

Yaɗuwar ta zo da sauri. A 1910 kulob 16 suka yi babban taro a Shikago suka kafa ƙungiya ta ƙasa, a shekarar kuma aka buɗe na Winnipeg a Kanada. Dublin da Landan suka biyo baya a 1911, Johannesburg ta zama ta farko a Afirka a 1921, a 1922 aka ɗauki sunan Rotary International. Asusun taimakon da Arch Klumph ya ba da shawarar kafawa a 1917 ya fara ne da gudummawar dala 26 da santi 50 daga kulob ɗin Kansas City.

Ba kowa ne ya ga abin burgewa ba. Marubuci Sinclair Lewis, a littafinsa Babbitt na 1922, ya yi wa irin waɗannan kulob-kulob na 'yan kasuwa ba'a, da waƙoƙinsu da kirarin da suke yi wa kansu. Akwai gaskiya a sukar, domin jawabi bayan cin abinci yana iya zama nishaɗi kawai, a tafa a manta. Laifin da ya fi wannan nauyi shi ne na ƙofa. Fiye da shekara tamanin mace tana iya zuwa ta yi jawabi a matsayin baƙuwa, amma ba ta da ikon zama 'yar ƙungiya. Da kulob ɗin Duarte a Kalifoniya ya karɓi mata, uwar ƙungiya ta janye masa rajista a 1978. Shari'a ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukunci a kan Rotary ranar 4 ga Mayu 1987, sannan a 1989 aka buɗe ƙofa a duniya baki ɗaya. Sai a 2022 mace ta fara shugabantar ƙungiyar, Jennifer Jones 'yar Kanada.

Inda ɗabi'ar sauraron masana ta fi yin amfani shi ne a yaƙi da cutar shan inna. Clem Renouf ɗan Ostireliya, shugaban ƙungiyar a 1978 zuwa 1979, ya ga yadda aka ci ƙarfin cutar agana, sai ya tambayi Dakta John Sever, ɗan Rotary kuma masanin cututtuka masu yaɗuwa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ko akwai wata cuta da za a iya yi wa haka. Sever ya nuna shan inna. A 1979 aka fara aikin rigakafin yara miliyan 6 a ƙasar Filifin, a 1985 aka ƙaddamar da shirin PolioPlus. An sa burin tara dala miliyan 120, amma zuwa 1988 abin da aka tara ya kai miliyan 247, kuma a tarurrukan kulob aka yi ta bayani ana neman kuɗin. A shekarar ce ƙasashen duniya suka ɗauki alƙawarin kawar da cutar, lokacin da take shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

A nan labarin ya iso gida. Kulob na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas. Daga wannan kulob ne Jonathan Majiyagbe, babban lauya mazaunin Kano, ya fito ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary International, a 2003 zuwa 2004. A daidai wannan lokaci ne aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a jihar Kano saboda zargin da ya yaɗu a kansa, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin ya nuna iyakar teburin otel: waɗanda ake buƙatar su gamsu ba sa cikin ɗakin. Sai da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suka ɗauki maganar zuwa zauruka da masallatai kafin al'amarin ya juya. An ga asalin ƙwayar cutar shan inna a karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ita.

Shi kansa abincin ranar yana fuskantar matsi. Ma'aikacin yau ba kasafai yake da sa'a ɗaya da rabi a tsakar rana ba, kuɗin otel kuma yana korar matasa. Kulob da yawa sun koma karin kumallo ko zaman yamma. A 2016 majalisar dokokin ƙungiyar ta sassauta, ta bar kowane kulob ya zaɓi yadda zai haɗu muddin zai zauna aƙalla sau biyu a wata, ko da ta intanet ne. Da annobar korona ta rufe otel-otel a 2020, kulob-kulob suka koma Zoom, masu farautar baƙi kuma suka gano cewa suna iya gayyato masani daga wata nahiya ba tare da sayen tikitin jirgi ba.