Maƙabartar Highgate: da masu riba suka janye, ƴan sa-kai suka tsaya

In ina koyar da tarihin Ingila, nakan fara da maƙabartar Highgate da ke arewacin Landan, don tana nuna abin da ke samun wurin da aka dogara ga kuɗi kaɗai wajen kula da shi.

A farkon ƙarni na 19 jama'ar Landan ta ninka cikin shekara hamsin. Kusheyin da ke harabar coci-coci suka cika, har ana tono tsofaffin ƙasusuwa don a binne sabuwar gawa. Sai majalisar dokoki ta ba kamfanoni izinin buɗe manyan maƙabartu a bayan gari. An buɗe bakwai, kuma Highgate tana cikinsu, a 1839, shekara biyu bayan hawan Sarauniya Biktoriya. Masu hali suka riƙa gasar gina kaburbura na dutse. A nan aka binne Michael Faraday, masanin lantarki, a 1867, da Karl Marx a 1883. Yau mutum kusan 170,000 ke kwance a kabari 53,000.

Matsalar tana cikin cinikin kansa. Sau ɗaya ake biyan kuɗin kabari, amma shara da gyara ba su ƙarewa. Da fili ya ƙare, kuɗin shiga suka ragu. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka tarwatsa iyalai, mutane da yawa kuma suka koma ƙona gawa. Aka rage ma'aikata, itatuwa suka tsattsage duwatsu, ɓata-gari suka fasa kaburbura. A 1975 masu wurin suka rufe ɓangaren yamma, tunda babu sauran riba.

A wannan shekarar ce mazauna unguwar suka kafa ƙungiyar Abokan Maƙabartar Highgate. Aikin gayya suka yi: sassabe, buɗe hanyoyi, tada duwatsun da suka faɗi, da tattara sunayen mamata. A 1981 wurin ya koma ƙarƙashin kulawarsu. Ba su aske dajin ƙurmus ba, don tsuntsaye da namun daji sun riga sun samu mafaka a ciki. Don kada a maimaita kuskuren farko, suka sa kuɗin shiga, ƴan sa-kai na zagayawa da baƙi, abin da aka samu kuma ya tafi gyara. Wasu na yi musu ba'a cewa sai an biya kafin a ga kabarin Marx, mai adawa da jari-hujja. Ni dai a ganina, da ba don kuɗin ba, da ciyawa ta binne shi karo na biyu.

Malamai da iyaye, abin da nake so yaranmu su riƙe shi ne: waɗanda suka ceci wurin maƙwabta ne kawai, suka ɗauki kayan aiki ranar hutu. Kuma shekara hamsin ke nan ba su ajiye ba.