Ƙofar Rumbu: Tarihin Hanyar da ke Tsakanin Kwamfuta da Ma'ajiyarta



Wanda ya gina babban rumbu amma ya yi masa ƙofar da hannu ɗaya kawai ke shiga, ba zai ɗebi hatsi da sauri ba, komai yawan abin da ya zuba. Wannan shi ne batun laccarmu ta yau, watau tarihin na'urar nan da ke kan babban allon kwamfuta, wadda ake kira kwantirola, mai kai saƙo da kawowa tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta, da kuma yadda ta riƙa tauye saurin sabuwar ma'ajiya marar faifai da aka sani da SSD.

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan ajiya na farko, a cikin na'urar RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma abin da suke ɗauka duka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Daga nan har shekaru hamsin, tsarin bai sake ba: faifai yana juyawa, wani ɗan hannu na ƙarfe yana kai da komo a kansa yana neman wurin da aka rubuta abu. Faifan da ke juyi 7,200 a minti yana yin juyi 120 ne a daƙiƙa, saboda haka lalle sai an jira shi. Muddin haka abin yake, babu wanda ya damu da faɗin ƙofa, domin mai ɗebo hatsin ne ke da nawa.

A farkon zamanin ƙananan kwamfutoci, kwantirola kati ne daban da ake sokawa a jikin allo. A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq da Control Data suka mayar da shi jikin faifan kansa, aka kira tsarin IDE, abin da ya rage a kan allo sai mahaɗa kawai da wata waya mai faɗi kamar ɗamara. Iyakar abin da wannan waya ta kai shi ne megabayit 133 a daƙiƙa. A 2003 aka kawo SATA mai siririyar waya da megabayit 150, a 2004 aka ninka zuwa 300, a 2009 kuma 600. Tare da ita kamfanin Intel ya tsara ƙa'idar magana da ake kira AHCI, wadda ke da sahu ɗaya tak na umarni, mai ɗaukar umarni 32. Ga faifai mai hannu ɗaya wannan ya wadatar, har ya ba shi damar ya jera buƙatu yadda hannun ba zai yi ta yawo a banza ba.

To, sai dai tun shekarun 1980 wani injiniya na kamfanin Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, ya riga ya ƙago ma'ajiyar lantarki da ba ta mantuwa idan an ɗauke wuta, ya kuma gabatar da nau'inta da ake kira NAND a 1987. Ba ta da faifai, ba ta da hannu, kuma ana iya karanta guntayenta da yawa a lokaci guda. Tsada ce ta hana ta yaɗuwa. Da farashi ya sauko wajen 2008, shekarar da Intel ya fito da X25-M, sai aka ɗauki wannan sabuwar aba aka sa mata rigar tsohon faifai, aka haɗa ta da wayar SATA, domin ita ce ƙofar da kowace kwamfuta take da ita.

A nan ne labarin ya fi ban sha'awa, kuma a nan mutane da yawa suka yi asarar kuɗinsu ba su sani ba. A 2010 aka sami SSD da ta wuce megabayit 300 a daƙiƙa, watau Crucial C300, mai karanta 355. Kamfanin AMD ya sa SATA mai 600 a cikin allunansa a wannan shekara, amma allunan Intel na lokacin, irin su P55 da X58, ba su da ita a jikinsu. Masu ƙera alluna ba su so a ga kayansu a baya, sai suka manna ƙarin kwantirola na kamfanin Marvell, suka rubuta 600 a jikin kwali. Abin da ba a rubuta ba shi ne, wannan kwantirola yana haɗe da sauran kwamfutar ta titi ɗaya ne na PCIe, wanda iyakarsa 500 ce ko a kan takarda, a aikace kuwa ƙasa da haka. Bugu da ƙari, wajen ƙananan karatu da rubutu na nan da can, waɗanda su ne yawancin aikin ofis, sau da yawa tsohuwar mahaɗar Intel mai 300 ta fi shi kuzari. A ganina wannan ba kuskuren injiniya ba ne, dabarar ɗan kasuwa ce.

Ko da Intel ya kawo tasa a Janairun 2011, mahaɗai biyu ne kawai cikin shida ke da 600, sauran huɗun 300 ne, kuma sau da yawa launi ne kawai ke bambanta su. A ƙarshen watan nan kamfanin ya sanar da cewa akwai aibi a huɗun, suna iya lalacewa sannu a hankali, ya dakatar da sayarwa, ya kuma ƙiyasta cewa gyara da asarar ciniki za su ci kusan dala biliyan 1. Har ila yau akwai wata matsala ta saiti: Windows XP ba ta zo da manhajar AHCI ba, saboda haka masu haɗa kwamfuta suka saba barin allo a kan tsohon yanayin IDE, wanda ke hana ma'ajiya karɓar umarni da yawa a lokaci ɗaya.

Maganin da ya ɗore shi ne a fasa sabuwar ƙofa. A watan Maris na 2011 gungun kamfanoni suka fitar da ƙa'idar NVMe, wadda ke haɗa SSD da titunan PCIe kai tsaye, kuma maimakon sahu ɗaya ta yarda da sahu har 65,535. Samsung 950 Pro ta 2015 ta kai megabayit 2,500 a daƙiƙa. Da PCIe na huɗu, wanda AMD ya fara kawowa a 2019, aka kai wajen 7,000, na biyar kuwa ya ninka wannan.

Duk da haka allo bai daina sa baki ba. Ramin M.2 da ake soka irin wannan ma'ajiya kamarsa ɗaya a ido, amma wani titi huɗu ne a bayansa, wani biyu, wani ma SATA ce kawai. Wani ramin yana tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, wani kuwa sai ya bi ta wata gada da Intel ke kira DMI, wadda a allunan 2015 faɗinta daidai da titi huɗu ne na PCIe na uku, kuma ita ce kebul na intanet da mahaɗan USB da sauran faya-fayai duk suke bi. SSD biyu masu sauri a bayan wannan gada dole su raba ta. Sai a 2021 aka faɗaɗa ta zuwa titi takwas na PCIe na huɗu a manyan alluna.

Ma'aikatan da ke rubuta takardar sayen kaya su lura da wannan, tun da yawancin kwamfutocin da ake gyarawa a ofisoshinmu da makarantunmu tsofaffi ne. Sa SSD a cikinsu yana da amfani ƙwarai ko da mahaɗar mai 300 ce, domin babban abin da ake samu shi ne gushewar jiran faifai. Amma biyan kuɗin ma'ajiya mai 7,000 domin allon da raminsa titi biyu ne na tsohon zamani ɓarnar dukiya ce, kuma littafin da ke zuwa da allon yana faɗin abin da kowane rami ke ɗauka.

Kamfanin Apple kuwa ya bi wata hanya dabam. Tun daga 2017 ya fara ɗauke kwantirolan daga jikin ma'ajiya ya mayar da shi cikin guntun lantarkin da ke kan allo, inda yake kafin 1986, kuma a kwamfutocinsa na hannu an liƙe ma'ajiyar da dalma, mai ita ba ya iya cire ta ya sa wata.