Daga Ajami Zuwa Boko: Sauyin Kayan Aikin Mulki a Birnin Zazzau



Masu kula da manyan kwamfutocin ma'aikatu sun san wata wahala. In aka bar manhajar da ake tsara injinan da ita, misali Puppet, aka koma Ansible, tilas a sake rubuta kowace ƙa'ida da sabon harshe, kuma abin da tsohon ma'aikaci ya riƙe a ka bai rubuta ba yakan salwanta a hanya. To, birnin Zazzau ya ga irin wannan tun ba a ƙera kwamfuta ba.

Sa'ad da Turawa suka shigo Zariya a 1902, sun tarar da mulki mai alƙalami. Wasiƙun sarki da hukuncin alƙali da Larabci ake rubuta su, Hausa kuwa da ajami. Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka naɗa a 1903, da ajamin ya tsara waƙoƙinsa. Amma galibin Turawan mulki ba su iya karatunsa ba, kuma Razdan da ba ya iya duba lissafin haraji da idonsa, a hannun magatakarda yake. A ganina wannan shi ne ainihin dalilin sauyin. Zancen wai ajami ya gaza ba ya gamsar da ni, domin bokon ma da gurguncinsa ya zo: Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, amma ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa ba su zauna ba sai a shekarun 1930, zamanin Dokta East a ofishin talifi na Zariya.

Sauyin bai yiwu dare ɗaya ba. Shekaru da dama hanya biyu aka bi, baitulmali da boko, ɗakin shari'a da Larabci. Wanda ya ɗauki asarar shi ne malamin zaure na cikin ganuwa, mutumin da jiya shi ke karanta wa gari takarda, yau aka lissafa shi cikin marasa karatu. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, sai da ta haɗa da 'yar takardar ajami domin irinsa.

Rigimar ba ta mutu ba. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun Naira, ya bar shi a kan manyan.