Naira 4,000: Tarihin Tarar Waya a Titunan Gombe

Kafin shekarar 2001, direban da ya ɗaga daga Tashar Dukku ko ya kama hanyar Kumo zuwa Yola ya yi sallama da gida ke nan har sai ya sauka. In maigidansa yana da saƙo, sai dai a ba wata mota ta cim masa a hanya. Layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma a bisa tebur suke, a ofisoshi da gidajen masu hali. Babu wanda ya yi tunanin hana direba amsa waya, domin ba shi da wayar da zai amsa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta girmi laifin waya a tuƙi nesa ba kusa ba. A watan Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa ta, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, Olu Agunloye kuma ya jagoranci jami'anta. Abin da ya dame su a lokacin shi ne gudun wuce sa'a, lodin da ya wuce kima, suɗaɗɗiyar taya da tuƙi cikin maye.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Gombe a lokacin shekararta kusan biyar kacal da zama babban birnin jiha, tun da aka cire ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996. Da fari salula kayan manya ce: layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kiran minti ɗaya naira 50. Zuwan Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ya karya farashi, kafin a ankara waya ta sauko daga hannun alhazai zuwa aljihun ɗan acaɓa.

A unguwa irin Shamaki, ɗaya daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, waya ta zama kayan sana'a. Ta waya ɗan kamasho ke sanar da direba cewa layi ya zo kansa, ta waya matar aure ke kiran mai keken da ta saba da shi ya kai yara islamiyya, ta waya ɗan kasuwa ke bin sawun buhunansa. Wanda ya ƙi ɗagawa ya rasa ciniki. Wannan ne ya sa laifin ya fi sauran wuyar magani: ba ganganci kaɗai ke haifar da shi ba, har da neman abinci.

Duniya kuwa ta riga ta san haɗarin. A 1997 wasu masana biyu, Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, suka bi bayanan kiran direbobi 699 da suka yi haɗari a Toronto ta Kanada, suka gano cewa yiwuwar karo tana ninkuwa kusan sau huɗu a lokacin da direba ke waya. Jihar New York ta Amurka ta hana riƙe waya a tuƙi a 2001, Birtaniya ta biyo baya a Disambar 2003 da tarar fam 30.

Najeriya ta sa nata hukuncin a jadawalin dokar FRSC ta 2007: tarar naira 4,000 da maki huɗu na laifi a kan lasisi. Ƙa'idojin hanya na 2012 suka ƙara jaddada cewa ba kira ba amsawa muddin mota na tafiya. Wanda aka kama akan rubuta masa takarda, a riƙe lasisinsa ko takardun mota, ya je ya biya ta banki, ba a hannun jami'i ba. In ya ƙi amincewa da laifin, sai kotu, wani lokaci ta tafi-da-gidanka a bakin titi.

A 2007 wannan kuɗi yana da ciwo. Litar fetur tana naira 70, wato tarar ta kai kuɗin lita 57, fiye da cikin tankin ƙaramar mota. A ƙarshen 2024, bayan cire tallafin mai, lita ta haura naira 1,000, tarar nan kuma tana nan inda take, ko lita huɗu ba ta saye. A tsakanin nan Birtaniya ta ɗaga tata zuwa fam 60 a 2007, sannan fam 200 da maki shida a 2017. Abin takaicin shi ne, yayin da tarar ke ramewa ita wayar ƙara cin hankali take yi. Ta da kunne kawai take ɗauka. Ta yanzu ido take ja, da saƙon WhatsApp, da bidiyon TikTok, da duba ko kuɗin fasinja ya shigo asusu.

Hukumar ta nemi wata dabara. Daga 1 ga Yulin 2017, zamanin shugabanta Boboye Oyeyemi, aka fara tura masu wasu manyan laifuffuka, har da waya a tuƙi, asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu, kuma su za su biya kuɗin gwajin. Ga Bahaushe wannan ya fi dubu huɗu zafi, domin babu magidancin da zai so a ji a majalisar unguwa cewa an kai shi gwajin hankali.

Sai dai jami'an sun fi tsayawa a manyan hanyoyi, ta Bauchi, ta Biu, ta Yola. A cikin lungunan Shamaki, inda keke da babur da yara 'yan makaranta ke raba titi ɗaya, mai tsawatarwa sau da yawa fasinja ne, dattijon da zai ce, “Malam direba, don Allah ajiye wayar nan, rayuka ka ɗauko.” Ya kamata a ce doka tana bayan wannan dattijo da nauyin da direba zai ji a aljihunsa. Amma adadin tarar a cikin dokar 2007 yake rubuce, don haka ba kwamandan hukumar a Gombe ba, ko shugabanta na Abuja ba shi da ikon ƙara sisi a kai sai Majalisar Tarayya ta gyara dokar.