Dandalin Tinubu: Wurin Da Muke Wucewa Ba Mu Tsayawa

Wane ne a cikinmu bai taɓa ratsa Dandalin Tinubu ba a hanyar zuwa sarin kaya Balogun ko Idumota? Kullum sauri muke, shi ya sa da yawanmu ba mu san labarinsa ba. Har wasu yaranmu suna zaton sunan Shugaban Ƙasa aka sa masa. Ina! Sunan ya riga shi da nisa.

Mai sunan ita ce Madam Efunroye Tinubu, hamshaƙiyar 'yar kasuwa wadda ta auri Sarkin Ikko Adele. Ta yi fataucin taba da gishiri da manja, ta kuma yi cinikin bayi. Ƙarfinta a fada ya tsone wa jakadan Ingila ido, har ya matsa wa Sarki Dosunmu ya kore ta a 1856. Ta koma Abeokuta, ta taimaki Egbawa da bindigogi da albarushi a yaƙinsu da Dahomey, suka naɗa ta Iyalode. Can ta rasu a 1887.

Zamanin Turawa babbar kotu ce a wurin. Da aka sami 'yanci a 1960 aka yi maɓuɓɓugar ruwa, gudummawar Kwarori mazauna Legas. A 2017 gwamnatin jiha ta sake gyara dandalin. Yau akwai mutum-mutuminta da na Kokoro, makahon makaɗi. Mu dai ba girmama gunki ne ya kai mu ba, darasi muke nema. Babban Masallacin Legas na nan kusa, a titin Nnamdi Azikiwe.

To, ina ruwanmu? Cikin bayin da aka kawo Ikko a wancan zamani akwai Hausawa. Daga waɗanda suka tsere wa iyayen gijinsu ne Glover ya kafa rundunar Hausawa a 1863, wadda ta zama tushen sojan Najeriya. Ke nan ba jiya muka zo ba, kuma ba duka ne suka zo da fatauci ba. Wasu a ɗaure aka kawo su.

Don haka ranar da kasuwa ta yi sauƙi, mu ɗauki yaranmu mu kai su. In wani ya ce musu baƙi ne, su san abin faɗa, ba tare da faɗa ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.