Akwatin da Ba a Buɗe Ba

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma bari in fara gaya muku abin da ya jawo shi.

Kwanakin baya na bi wasu matasa masu aikin sa kai, ɗaliban injiniya da malamai mata biyu, zuwa wata firamare a yankin Ɗansoshiya cikin ƙaramar hukumar Kiru. Ba wanda ya aike su, kuɗin mota ma karo-karo suka yi. Kayan nasu duka a jaka biyu suke: batura, wayoyi, ƙananan ƙwayayen fitila, sukundireba da wani ɗan farantin sola da bai fi tafin hannu ba. Aka raba yara rukuni-rukuni a inuwar bishiya. Wata yarinya 'yar makiyaya, ba za ta wuce shekara goma ba, ta ƙi taɓa waya, wai wuta za ta ja ta. Sai da ɗaya daga cikin malaman ta riƙe hannunta suka haɗa tare, ƙwan ya kawo haske. Ta cire ya mutu, ta mayar ya kawo. Ta yi haka ya fi sau goma, sannan ta ɗago kai ta ce, "Anti, in na sa batir biyu fa?"

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni. Ni da na yi shekara uku ana koya mini darasin fasaha a ƙaramar sakandare, ban taɓa yin wannan tambayar ba, don ban taɓa riƙe waya ba. Zarto da guduma a littafi muka zana su, muka haddace sunayensu da Turanci, muka ci jarrabawa. Akwai wani ɗaki a bayan ajinmu da kullum yake a kulle, ana cewa injuna ne a ciki. Har na bar makarantar ban ga an buɗe shi ba.

To yaya aka yi muka zo nan?

Koyon aikin hannu dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan maƙeri a bakin zugazugi yake tashi, ɗan dukawa da fata a hannu, 'ya mace kuma ta koyi kaɗi da saƙa a gaban kakarta. Ko makarantar boko ta farko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, tana da sashen sana'o'i inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci. Daga baya ne boko ya koma na alƙalami zalla, kowa burinsa ɗansa ya zama akawu, aikin hannu aka bar wa wanda ake ganin bai da ƙoƙari.

Mutanen kudancin Kano sun ga sakamakon wannan da idonsu. A Riruwai ta ƙasar Doguwa an daɗe ana haƙar kuza tun zamanin Turawa, namu su ne leburori. Lokacin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga daga 1971 zuwa 1974, wadda har gobe take shayar da gonakin Kadawa da Kura. Aiki ne na alfahari, amma 'yan ƙasa da suka iya irin wannan aikin a wancan lokacin ƙalilan ne ƙwarai. Haka asibitocinmu suke cike da likitoci baƙi.

Wannan ƙarancin ne ya sa a 1977 gwamnatin jihar Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, ta kuma yi musu hukumarsu daban. Aka riƙa zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa, aka ba su ɗakunan gwaji da malamai, har da waɗanda aka ɗauko daga ƙasashen waje. Abin ya yi albarka, don kuwa manyan likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa da yawa daga can suka fito. Sai dai ku lura, duka biyun na maza ne. Sai a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take jihar Jigawa. Kuma ko ta maza ko ta mata, sai wanda ya riga ya ci jarrabawa yake shiga. Yaron ƙauye da bai taɓa ganin batir a aji ba, ta ina zai kai can?

Amsar da gwamnatin tarayya ta kawo ita ce tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982. Manufar kyakkyawa ce. An ce kowane yaro, mace ko namiji, a shekaru ukunsa na ƙaramar sakandare zai taɓa katako da ƙarfe da lantarki da hannunsa, ta yadda ko bai zarce ba ya fita da sana'a. Aka kashe maƙudan kuɗi aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya, aka rarraba wa makarantu a manyan akwatuna. Nan fa gizo ke saƙar. Injin yana buƙatar wutar lantarki, makarantar ba ta da wuta. Yana buƙatar ɗakin da za a girke shi, ba a gina ba. Yana buƙatar malamin da ya san kansa, ba a horar da isassu ba. Shugaban makaranta kuma yana tsoron kada wani abu ya ɓace a ce shi ne, sai ya sa kwaɗo ya kulle. A makarantu da dama haka akwatunan suka zauna, gara ta ci katakon, tsatsa ta ci ƙarfen, wasu kuma ɓarayi suka yi awon gaba da su. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, daga baya an sauya wa darasin suna, amma a wurare da yawa alli da allo ne dai kayan aikin.

Abin mamaki, yaran ba su jira kowa ba. Wace ce a cikinmu ba ta ga motar kara ko ta gwangwani har da sitiyari ba? Ko fitilun nan da samari suka riƙa haɗawa da tsohon faifan sidi da batura lokacin da wuta ta yi wuya? A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya.

Masu aikin sa kai wannan giɓin suke ƙoƙarin cikewa. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, APWEN, wadda Injiniya Joanna Maduka ta assasa a farkon shekarun 1980, tana shiga makarantu don jawo hankalin 'yan mata. A nan Kano cibiyar CITAD ta daɗe tana koya wa mata da matasa kwamfuta. Tun 2011 kuma ake ware ranar Alhamis ta huɗu a watan Afrilu a matsayin ranar 'yan mata da fasahar sadarwa ta duniya. Amma in gaskiya za a faɗa, yawancin irin waɗannan tarukan a birni suke ƙarewa, a ci abinci a ɗauki hoto. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, ba kasafai ake ganin ƙeyarsu ba. Ita kanta Ɗansoshiya, sai da gwamnatin Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin a 2020 sannan mutanen birni da yawa suka fara jin sunanta.

Ni ba na cikin masu cewa yini ɗaya zai mayar da yaro injiniya. Yini ɗaya ba makaranta ba ce. Abin da na gani dai shi ne kayan da suka shiga jaka biyu sun yi abin da akwatunanmu ba su yi mana ba a shekara uku, don an sa su a hannun yara.

Da la'asar ta yi za mu tafi, matasan suka ce sun bar wa makarantar kayan duka. Shugaban makarantar, dattijo mai kirki, ya yi ta godiya, ya ce insha Allahu zai adana su a ofis ya kulle don kada yara su lalata. Gabana ya faɗi. Na ce, "Malam, don Allah kada ka kulle. Su lalata ɗin." Ya yi dariya, ya kira malamar aji huɗu ya miƙa mata jaka ɗaya, ɗayar kuma ya shige da ita ofis.

Yarinyar nan kuwa ta biyo mu har bakin mota da guntuwar waya a hannu. Wai tocilan ɗin babanta ta daina kawowa tun damina, tana so a bar mata sukundireba zuwa gobe.